Kalila da Dimna: Littafin Diloli Biyu da Sarakuna Suka Riƙa Biya a Zana Musu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da masu cewa sun fi fahimtar abu in sun karanta da idonsu.

Yau za mu ɗan huta da maganar tsadar rayuwa da zaɓe, mu shiga tarihi. Amma in kun yi haƙuri da ni zuwa ƙarshe, za ku ga mun sake faɗowa cikin maganar mulki ta wata ƙofar.

Kwanakin baya, wani dare da aka ɗauke wuta, ina kwance ina latse-latsen waya sai na ci karo da wani tsohon zane. Sarkin hankaki ne a zaune da mashawartansa, suna taron gaggawa. Tsuntsaye ne baƙaƙe kawai a kan takardar da ta tsufa, amma wallahi da ka kalle su ka san taron majalisa ake yi, ka san kuma akwai matsala a gari. Da na bi diddigi sai na tarar zanen ya kai shekara 800, kuma daga littafin Kalila wa Dimna yake, wanda aka rubuta da hannu da Larabci a wajajen shekarar 1220. Yanzu haka yana ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris.

Waɗanda suka yi makarantun Larabci a cikinku sun san sunan. Wasu ma sun karanta shi a aji, a irin bugun nan mai takarda ja-ja da ake sayarwa a shagunan littattafan addini. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, ɗaruruwan shekaru sarakuna suna kashe dukiya a zana musu wannan littafi, kuma zanen yana cikin dabarar littafin tun asali. Tarihin da nake so mu bi yau ke nan.

Mu fara daga Indiya. Tushen littafin shi ne Panchatantra, wanda aka rubuta da harshen Sanskrit, kuma ya riga ya kammalu tun wajajen shekara ta 300 Miladiyya. Ma'anar sunan ita ce babi biyar. Labarin da ya buɗe shi na wani sarki ne mai 'ya'ya uku da suka ƙi karatu, malamai suka gaji da su. Sai wani tsohon malami mai suna Vishnu Sharma ya ce a ba shi su wata shida. Bai zaunar da su ya ce su haddace dokokin mulki ba. Labaran dabbobi ya riƙa ba su, labari a cikin labari, har suka koyi yadda ake zaɓen aboki, da yadda ake gane maƙiyi, da lokacin da ya kamata a yi yaƙi ko a nemi sulhu. Kun ga tun farko littafin siyasa ne, kuma don matasa aka yi shi, matasan da ake cewa ba sa son karatu.

Daga Indiya sai Farisa. A zamanin Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, wato sarkin da aka haifi Annabi (SAW) a zamaninsa, an tura wani likitan fada mai suna Burzoy zuwa Indiya. Labarin da Farisawa ke bayarwa shi ne ya tafi neman wani tsiro da ke fitowa a kan duwatsu, wanda aka ce yana tayar da matacce. Ya yi ta nema bai samu ba, har wani dattijo ya warware masa cewa duwatsun su ne malamai, tsiron shi ne maganarsu da ke cikin littattafai, matattun kuma jahilai ne. Burzoy ya dawo da littafin, ya mayar da shi harshen Farisa na wancan zamani. Da sarki ya ce ya faɗi ladan da yake so, bai nemi zinariya ba, ya roƙi a sa babi guda na tarihin rayuwarsa a cikin littafin. Babin yana nan har yau. A hannunsa ne sunayen diloli biyun, Karataka da Damanaka, suka fara sauyawa, har suka zama Kalila da Dimna a bakin Larabawa.

Tun kafin mu iso ga littattafai masu zane, mutane sun riga sun fara zana waɗannan labarai. A wani tsohon gari mai suna Panjikent, a ƙasar Tajikistan ta yau, masu tonon tarihi sun samu bangon gidajen attajirai na ƙarni na 8 ɗauke da zanen tatsuniyoyi, ciki har da na zomon da ya yaudari zaki ya faɗa rijiya. Yanzu waɗannan zane-zane suna gidan tarihi na Hermitage a birnin St. Petersburg na Rasha.

To, sai mu zo kan mutumin da ya fi kowa hannu a wannan tarihi, Abdullahi ibn al-Muƙaffa. Bafarishe ne, an haife shi a wajajen 720, sunansa na yanka Ruzbih. Laƙabin al-Muƙaffa na mahaifinsa ne, yana nufin mai shanyayyen hannu, domin an azabtar da shi a kan zargin cin kuɗin haraji har hannun ya lalace. Ku lura da wannan, yaron ya tashi yana ganin abin da hukuma ke iya yi wa jikin mutum a cikin gidansu. Ya girma ya zama magatakarda, ya yi wa gwamnonin Umayyawa aiki, da Abbasiyawa suka karɓi mulki a 750 ya koma hidimar baffannin Halifa al-Mansur a Basra, a nan kuma ya musulunta. A wannan tsakani ya fassara littafin Burzoy zuwa Larabci. Na Farisancin ya ɓata gaba ɗaya. Na Ibn al-Muƙaffa ne ya rayu, kuma daga gare shi kusan duk sauran fassarorin duniya suka fito.

Ga gundarin labarin ga wanda bai sani ba. Zaki yana sarautar dawa. Wata rana ya ji wani irin ruri da bai taɓa ji ba, tsoro ya kama shi, amma ya ɓoye wa fadawansa. Akwai diloli biyu 'yan uwan juna a ƙofar fada. Kalila mai wadatar zuci ne, yana ganin kusantar sarki haɗari ce. Dimna kuwa mai son matsayi ne. Shi ya gano abin da ke damun zaki, ya je ya binciko cewa ai bijimi ne da fatake suka bari a hanya, ya kawo shi fada. Bijimi ya zama aminin zaki, har zaki ya daina jin shawarar kowa sai tasa. Hassada ta ci Dimna. Ya je wa zaki ya ce bijimi na shirin juyin mulki, ya je wa bijimi ya ce zaki na shirin cinye shi. Da suka haɗu kowa ya ga alamun da aka gaya masa a jikin ɗan uwansa, zaki ya kashe amininsa.

A littafin Indiya nan labarin ya tsaya. Annamimi ya ci riba, ya zama waziri, shi ke nan. A na Larabci sai ga wani sabon babi wanda babu shi a Sanskrit, kuma masana suna jingina shi ga Ibn al-Muƙaffa: shari'ar Dimna. Damisa ta ji Kalila yana yi wa ɗan uwansa faɗa a kan abin da ya aikata, ta kai wa mahaifiyar zaki. Uwar sarki ta tsaya kai da fata sai an bincika. Aka tsare Dimna, aka zauna kotu, ya yi ta kare kansa da daɗin baki har ya kusa kuɓuta, sai shaidu biyu suka fito, aka yanke masa hukuncin kisa. Ku tuna wanda ya rubuta wannan ma'aikacin fada ne, yana ganin irin su Dimna kullum a bakin aiki. Ya karɓi labarin da mugu ke cin bulus, ya ƙi miƙa shi gaba sai da ya ƙara masa bincike da shaida da alƙali.

Ina maganar zane ta shigo? A gabatarwar da ke ɗauke da sunansa, an lissafa manufofi huɗu na littafin. Zan faɗe su da bakina. Ta farko, an sa magana a bakin dabbobi don matasa masu son nishaɗi su yi rububin karantawa. Ta biyu, a nuna siffofin dabbobin da launuka iri-iri don zukatan sarakuna su so littafin, su riƙe shi saboda daɗin kallo. Ta uku, sarakuna da talakawa su yi ta nemansa, a yi ta kwafarsa kada ya ɓace, mai zane da mai kwafa su ma su samu na abinci. Ta huɗu ta masu zurfin tunani ce, su su san abin da ke ƙasan labarin.

Ku sake duba ta biyun nan. Sarki ba zai zauna ka karanta masa takardar ƙorafi ba. Amma in ka miƙa masa littafi mai zinariya da shuɗi, da zaki irinsa a kan gado, zai buɗe. Zai kira 'ya'yansa su gani. Yana juya shafi yana sha'awar launi, sai ya iske zakin nan matsoraci ne, yana jin zugar fadawa, ya kashe amininsa a kan ƙarya. Babu wanda ya ambaci sunan sarki, babu wanda za a kama. Mu Hausawa muna da sunan wannan, hannunka mai sanda.

Shi kansa Ibn al-Muƙaffa bai tsaya a hannunka mai sanda ba. Ya rubuta wa Halifa wata wasiƙa da aka sani da Risala fis-Sahaba, inda ya yi magana kai tsaye a kan irin mutanen da ke kewaye da mai mulki, da albashin sojoji, da yadda alƙalai ke yanke hukunci mabambanta a kan mas'ala ɗaya. Sannan aka sa shi ya tsara takardar aminci ga Abdullahi ibn Ali, baffan Halifa da ya yi tawaye aka ci shi da yaƙi. Ya ɗaure takardar tamau, har ya sa sharaɗin cewa in Halifa ya saɓa alkawari, mubaya'ar da jama'a suka yi masa ta warware. Al-Mansur ya fusata. Gwamnan Basra, Sufyan ibn Mu'awiya, wanda dama yana da jiƙaƙƙa da shi, ya kama shi ya kashe shi kisan wulaƙanci a wajajen 757. Bai kai shekara arba'in ba, sa'an yayyenmu ne.

Kada wani ya ce ina nufin a daina faɗar gaskiya a fili. Mutumin nan ya yi duka biyun, kuma don ya yi na filin ne muke girmama shi. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne, wasiƙar tasa yau sai masu bincike ke karanta ta, diloli biyun kuwa sun shiga fadar da shi bai isa ya taka ba, a ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba.

Yanzu mu koma kan littafin Paris, wanda lambarsa a ɗakin karatun ita ce Arabe 3465. Yana cikin mafi tsufan kwafin Larabci masu zane da suka rage a duniya, ana danganta shi da yankin Sham, kuma yana da zane sama da casa'in. Abin da zai fara burge ka shi ne sauƙinsa. Mai zanen bai cika shafi da tarkace ba. Ɗan layin ciyawa a ƙasa, tsiro ɗaya ko biyu, sai dabbobin, bayansu kuma takarda ce tsura. Kalila da Dimna suna fuskantar juna, an ba kowanne launinsa don ka bambance su, kuma daga tsayuwarsu kaɗai ka san gardama suke yi. Bai sa musu riga ko rawani ba. Sun zauna a dabbobinsu, amma ido da wuya da ɗaga ƙafa suna yin aikin da fuskar mutum ke yi. Zanen kuma yana tsakiyar rubutu, daidai inda labarin ya kai, ta yadda mai karatu zai ɗaga ido ya gani ya ci gaba.

Taron hankakin da na fara da shi daga babin mujiyoyi da hankaki yake. Mujiyoyi sun kai musu hari da dare sun yi musu ɓarna, sarki ya tara mashawarta biyar. Wani ya ce a gudu, wani ya ce a tsaya a yi yaƙi, wani ya ce a biya haraji a zauna lafiya. Na biyar ya nemi ganawa a keɓe, ya ce a fige shi a jefar, ya je wa mujiyoyi a matsayin wanda aka zalunta. Cikin fadawan sarkin mujiyoyi guda ɗaya ne ya ce kada a yarda da shi, ba a saurare shi ba. Ƙarshenta hankaki suka cinna wuta a bakin kogon. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ya san waɗannan mashawarta biyar, ya kuma san mutum ɗayan nan da ke faɗar gaskiya ana yi masa dariya.

Akwai wani kwafin a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, mai kwanan wata 1354, zamanin Mamalik. Edward Pococke, wani limamin coci Bature da ya zauna a Halab daga 1630 zuwa 1636 yana koyon Larabci yana sayen littattafai, shi ya mallake shi, bayan rasuwarsa jami'ar ta saye tarin littattafansa. A cikinsa akwai zanen zomo da sarkin giwaye a bakin tafki. Giwaye sun zo shan ruwa suna tattake zomaye, sai wani zomo ya je wa sarkinsu ya ce shi manzon wata ne, kuma wata ya yi fushi. Ya kai shi bakin ruwa da dare. Giwa ta sa haurenta da hancinta a ruwa, hoton wata ya yi rawa, ta ɗauka fushin ne, ta tuba. Mai zanen ya sa ɗan zomo a sama kan dutse, ƙatuwar giwa a ƙasa. Ko ba ka iya Larabci ba ka gane wa ke ba da umarni.

Yaya ake yin irin wannan littafi? Aiki ne na mutane da yawa. Mai takarda zai yi ta, a shafa mata sitaci, a goge ta da dutse mai santsi har ta yi sheƙi don kada ta sha tawada. Mai kwafa zai rubuta da alƙalamin kara, yana barin fili inda zane zai shiga. Mai zane zai fitar da siffa da siririn layi, sannan ya cika launi da buroshi na gashin dabba. Shuɗi mafi tsada daga dutsen lazward ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakhshan na Afganistan. Zinariya kuma ana buga ta har ta fi fatar albasa siranta, ko a niƙa ta a kwaɓa da ƙaro. Daga nan sai mai ɗinki da mai fata su haɗa bango. Shi ya sa sai sarki ko babban attajiri ke iya sa a yi masa.

Na san wani zai ce, to hoton mai rai fa? Fatawa ta malamai ce, ni tarihi nake bayarwa. Abin da aka gani a ƙasashen Musulmi shi ne ba a sa hoton mai rai a Alƙur'ani ko a masallaci. A littattafan adabi da likitanci da tarihi ne zane ya samu wuri. Misali ma, Muƙamar Hariri da malamanmu ke karantarwa a zaure tana da wani shahararren kwafi mai zane wanda Yahya al-Wasiti ya yi a 1237, shekara 21 kafin Mongol su rusa Bagadaza a 1258. Shi ma yana Paris.

A gabas abin ya ƙara ƙawa. Nasrullah Munshi ya mayar da littafin Farisanci a shekarun 1140 don sarkin Gazna, Bahram Shah. A wajajen 1430, Yarima Baysungur jikan Timur ya sa an yi masa kwafi masu zane a Herat, waɗanda yanzu suke fadar Topkapi a Istanbul. A nan za ka ga bambanci da na Sham: duwatsu masu launi kamar gizagizai, sararin sama na zinariya, kowane ganye an zauna an fitar da shi. A ƙarshen wannan ƙarni Husain Wa'iz Kashifi ya sake rubuta shi da suna Anwar-i Suhaili. Wannan ne ya shiga Indiya, fadar Sarki Akbar, mutumin da tarihi ya ce bai iya karatu ba, sai dai a karanta masa, amma ya tara masu zane fiye da ɗari. Akwai kwafin 1570 na zamaninsa a makarantar SOAS da ke Landan. Da Akbar ya ga Farisancin Kashifi ya cika ado har ma'ana na ɓacewa, sai ya sa wazirinsa Abul Fazl ya sauƙaƙa shi, aka gama a 1588 da suna Iyar-i Danish. Littafin da ya bar Indiya a hannun likita ya dawo gida bayan shekara dubu, da wani suna, da wani harshe.

A yamma kuma, a 1251 Yarima Alfonso, wanda ya zama Alfonso na Goma, ya sa an fassara shi daga Larabci zuwa harshen Kastiliya a Sifaniya. Ta hanyar Ibrananci ya shiga Latin a hannun John na Capua, daga Latin ya shiga Jamusanci, aka buga shi da inji a garin Urach a farkon shekarun 1480. A nan tarihin zanen ya juya. Maimakon mutum ɗaya ya zauna watanni yana fenti, sai a sassaƙa hoton a jikin katako kamar hatimi, a shafa tawada, a danna a takarda sau ɗaruruwa. Haka aka yi wa tatsuniyoyin Aesop na Girka a garin Ulm a wajajen 1476, da zane kusan 200. Zinariya da lazward sun tafi, layukan sun yi kauri, amma ɗan kasuwa da malamin makaranta sun iya saye. Manufa ta uku ta gabatarwar nan, wato littafi ya kai hannun talaka, sai a lokacin ta cika sosai. A 1678 La Fontaine, babban marubucin tatsuniya na Faransa, ya faɗa da kansa cewa kaso mai yawa na sababbin labaransa daga Pilpay ya samo su, wato Baidaba, malamin da ke ba sarki labari a cikin Kalila wa Dimna.

To mu fa, ina muka shigo? Mun shigo ta ƙofa biyu. Ta farko, ba baƙon abu ba ne a gare mu a ce dila shi ne mai wayon fada, tunda tun muna yara muke jin dila malamin daji, zaki sarkin dawa, ga kura, ga Gizo da Ƙoƙi. Kakanninmu mata sun daɗe suna koyar da siyasa da dare a tsakar gida. Ta biyu, Abubakar Imam. Lokacin da ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, an tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, kuma masu nazari sun gano Kalila wa Dimna a cikin majiyoyinsa, tare da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm na Jamus. Ku duba ginin littafin ma: tsuntsu yana ba ɗan sarki labari bayan labari, ga mugun waziri yana ƙulla makirci a gefe. Imam ya yi abin da Burzoy da Ibn al-Muƙaffa suka yi, ya karɓa ya sa masa rigar gida har ba ka gane baƙo ne.

Ta fuskar ado kuwa, hannun magabatanmu ya tafi wajen zayyana. Duk wanda ya taɓa ganin Alƙur'ani rubutun hannu na Kano ko Barno, da jan wasali da ɗorawar rawaya da zayyanar da ke raba sassa, an naɗe shi cikin gafaka, ko allon zayyana na ɗalibin da ya yi sauka, ya san muna da ido kuma muna da hannu. Abin da ya rage mana shi ne tatsuniyoyinmu ba su samu irin wannan hidimar ba. Ku shiga kantin littattafan yara ku ƙirga nawa ne na Hausa masu zane mai kyau, ku gwada da na Turanci. Ƙannenmu sun san dabbobin katun na waje da sunayensu, da yawansu kuma ba su taɓa ganin an zana Gizo ba.

Ga kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk littattafan da na lissafa, an yi su a Sham da Herat da Indiya, amma yau Paris da Oxford da Landan da Istanbul za ka je ka gan su. Wasu saye aka yi, wasu kuma ƙarfi da mulkin mallaka suka kai su. Sai dai kafin mu gama zagin Turawa mu leƙa ɗakunan kakanninmu, inda gara da ɗigon damina ke cin takardun da ba su da kwafi na biyu a duniya. Akwai wuraren adana irin su Arewa House a Kaduna, amma abin da ke cikin akwatunan gidaje ba wanda zai cece shi sai 'ya'yan gidan.

Don haka ga aikin gida, kamar yadda muka saba. Na farko, ɗakin karatun Faransa yana da shafi mai suna Gallica, kyauta ne. Ku rubuta Arabe 3465, ku buɗe, ku nuna wa ƙaninku ko 'yarku, ku tambaye su me suke gani dilolin nan ke cewa. Na biyu, in akwai tsofaffin takardu a gidanku, ku nemi izinin manya, ku ɗauke su hoto shafi-shafi da waya, ku raba su da ƙasa da danshi. Na uku na masu zane ne, kuma na san kuna da yawa a nan, masu yi wa mutane fosta da tambarin kasuwanci. Ku je wurin wata tsohuwa ku ɗauki tatsuniya ɗaya, ku zana ta shafi goma, ku saka. A lokacin da rubutu ɗaya a Facebook ke iya kai matashi ofishin 'yan sanda, yana da kyau mu san cewa waɗanda suka riga mu sun fuskanci abin da ya fi haka, kuma sun bar mana dabara fiye da ɗaya.

Wanda ya zana tasa ya turo mana, za mu saka ta a shafin nan da sunansa. Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.